Ranar da log ɗinmu ya cinye kansa

A ƙarshen wata ne, lokacin da albashi ke shiga kowa na rububin biyan kuɗi, wata mata ta kira tana cewa an cire mata kuɗi sau biyu. Oga ya ce in buɗe log, wato fayil ɗin da manhajarmu ke rubuta duk abin da ya faru a cikinta, in gano abin da ya faru tsakanin ƙarfe tara da goma na safe. Na buɗe, babu komai na wannan lokacin. Fayiloli shida ne a wurin, daga app.log zuwa app.log.5, amma labarin safiyar ya yi ɓatan dabo.

Abin da na fara yi shi ne zargin mutum, kuma har yau abin yana damuna. Na tsare wani ƙaramin ma'aikacinmu da tambaya ko shi ya goge. Ya rantse bai taɓa ba, ni kuwa ban yarda ba sai da na kwana biyu ina bincike.

Girman fayilolin ne ya tona asirin. Mun saita RotatingFileHandler, wani ɓangare na laburaren rubuta log na Python (harshen da muka rubuta manhajar da shi), ya juya fayil, wato ya sauya masa suna ya buɗe sabo, idan ya kai megabayit 10, ya ajiye tsofaffi guda 5. Ke nan kowane tsohon fayil ya kamata ya cika maƙil. Sai ga app.log.1 da layuka uku kacal, app.log.2 da layi ɗaya, kuma duk a cikin daƙiƙa guda aka rubuta su.

Manhajarmu tana gudana ne a ƙarƙashin Gunicorn, shirin da ke tafiyar da ita a kan saba, da ma'aikata takwas, wato kwafi takwas na manhajar masu aiki a lokaci guda, kowanne riƙe da fayil ɗin a hannunsa, babu wanda ya san da ɗan'uwansa. Na farko ya ga fayil ya cika, ya sauya masa suna zuwa app.log.1, ya buɗe sabo. Na biyu kuwa tsohon yake riƙe da shi har yanzu, domin a Linux sauya suna ba ya ƙwace fayil daga hannun wanda ya riga ya buɗe shi. Shi ma ya ga ya cika, ya sake juyawa. Haka na uku, haka na huɗu. A juyi na shida, cikakken fayil ɗin ya wuce gurbi na biyar, laburaren ya share shi da kansa, daidai yadda muka umarce shi.

A kwamfutata da ma'aikaci ɗaya nake gwaji, shi ya sa ban taɓa ganin haka ba. Abin takaicin ma, takardun Python sun faɗa ƙarara cewa ba a tanadi rubutu cikin fayil ɗaya daga ma'aikata da yawa ba. Ban karanta wurin ba.

Muka cire juya fayil daga hannun manhajar gaba ɗaya. Yanzu logrotate, wani shiri na daban a Linux, ke juyawa, WatchedFileHandler na Python kuma yana lura idan an sauya fayil ya buɗe sabo. Kafin mu saki gyaran, mun yi wa sabar gwaji ruwan buƙatu da ma'aikata takwas, kowane layi da lambarsa, muka ƙirga ba wanda ya ɓace.

Kuɗin matar an mayar mata bayan an duba bayanan banki. Yaron da na zarga kuwa na same shi a gaban kowa, inda na tuhume shi, na ce masa: "Ƙanena, ka yafe mini, laifina ne."