Binciken farko na malamin radiyografi: auna radiyeshon a na'urar CT

Wanda ya gama digirin radiyografi (ilimin ɗaukar hoton cikin jiki a asibiti) na shekara 5, ya yi horon asibiti na shekara 1, ya samu rajistar RRBN, hukumar da ke yi wa masu wannan sana'a rajista a Najeriya, sannan ya kama koyarwa a jami'a, nan da nan zai gane cewa ƙwarewa a ɗaukar hoto kaɗai ba ta kawo ƙarin girma. Takardun bincike da digiri na uku ake dubawa. Ni na fara da aikin da ba ya cin kuɗi sosai: tattara yawan radiyeshon da marasa lafiya ke sha a hoton CT na kai da na ciki.

Kafin ka taɓa fayil ɗin kowa, sai kwamitin ɗa'ar bincike na asibitin ya ba ka izini a rubuce. Mujalla mai mutunci ba za ta karɓi aikin da ba shi da lambar izinin nan ba.

Bayan kowane hoto na'urar tana fitar da shafin lissafi mai lambobi biyu: CTDIvol, wato ƙarfin radiyeshon da na'urar ta fitar, a ma'aunin mGy, da DLP, wato wannan lambar sau tsawon wurin da aka ɗauka, a mGy.cm. Ƙa'idar 2017 ta ICRP, hukumar duniya mai ba da shawara kan kariya daga radiyeshon, ta fi son mutum 30 ga kowane irin hoto, manya masu nauyin kilo 50 zuwa 90. A kowane asibiti kana ɗaukar lambar da ta faɗo tsakiya, sannan ka jera na asibitocin duka, ka ɗauki wadda kashi 75 cikin 100 suke ƙasa da ita. Ita ce ma'aunin da kowane asibiti zai kwatanta nasa da shi.

Wurin nauyi na fara tuntuɓe. Ba a cika rubuta shi a takardar neman hoto ba, dole na watsar da yawancin tsofaffin fayilolin da na tara. Maganinsa sikeli a bakin ƙofar ɗakin, da roƙon ma'aikatan kowane zango su riƙa rubutawa.

Kuskure na biyu ya fi ɓoyuwa. Na'urar tana lissafa CTDIvol ne bisa gwajin wata roba mai siffar ganga: mai faɗin santimita 16 don hoton kai, mai 32 don hoton jiki. Hoto ɗaya, in aka lissafa shi da ƙaramar, lambar tana kusan ninka ta babbar. Don haka ka duba abin da aka rubuta a gefen lambar, musamman a hoton yara. Haka hoton ciki da aka yi da ruwan allurar da ke sa kayan ciki su fito fili: sau biyu ko uku ake bi ta kan mutum, jimillar DLP kuma ta haɗe su duka. Rubuta kowane zagaye daban.

Goge sunan fayil ba ya ɓoye mara lafiya, domin sunansa da lambarsa da ranar haihuwarsa suna cikin bayanan DICOM, wato bayanan da ke ƙunshe a cikin fayil ɗin hoton, wasunsu kuma suna bayyana a jikin shafin lissafin. Ina kwafe lambobin cikin jadawali da lambar sirri, takardar da ta haɗa sirrin da suna kuma ta zauna a kulle a sashen.