Mun buɗe, Alhamdulillah, ga godiyata

Alhamdulillah, Alhamdulillah. Jiya bayan la'asar mun sake buɗe ƙofar laburaren unguwa, kuma wallahi har yanzu jikina kamar an daka ni a turmi, amma na ce ba zan kwanta yau ba sai na rubuta wannan ko da a karkace ne. Kun dai ga hotunan tun daren da iska ta yaye mana kwano, ba sai na maimaita ba, ni kaina ba na son tunawa da ƙarar nan.

Abu ɗaya ne ya ƙi barin raina. Lokacin da na iso wajen ƙarfe biyu na dare ruwa na zuba ta silin kamar da bakin ƙwarya, fitilar wayata kawai nake haskawa, na duba kantar da ke jikin taga na ga wayam, ba littafi ko ɗaya. Gabana ya faɗi, na ce shi ke nan ga ruwa ga ɓarayi. Ashe Baba maigadi ne, shi da almajiran makarantar allon bayanmu, sun kwashe su a baro sun rufa da leda sun kai barandar masallaci, sawu nawa suka yi Allah kaɗai ya sani. Na same shi a tsugune yana rawar sanyi, ya rungume wani abu a cikin rigarsa kamar mai ɓoye jariri. Na ce Baba mene ne wannan, sai ya zaro ƙamusun Bargery na Hausa da Turanci, tsohon nan na marigayi mahaifinmu mai shafi sama da dubu, wanda aka fara bugawa tun 1934. Ya ce, "Ɗan Malam, ni ban san abin da ke ciki ba, amma na ga Malam ba ya bari a taɓa shi da hannun miya." Mutumin nan ko harafi ɗaya na boko bai iya ba. Na tsaya a cikin ruwan nan na kasa cewa komai, shi ne ma ya ce in matsa kar ya jiƙe. Baba, na san ba ka Facebook, amma za a karanta maka. Allah ya rufa maka asiri duniya da lahira yadda ka rufa wa littafin nan, Allah ya kai ka Makka, Allah ya sa yaran nan da suka tura baro su zama manyan malamai.

Na san al'ada ba a cika kiran mutum a fili ba, wasu ma sun ce kar in ambace su, to ku yi haƙuri ba zan iya ba. Hajiyarmu ta layin asibiti da ta yi ritaya daga aikin laburare, da ba don ke ba da mun ƙarasa kashe littattafan da hannunmu, domin mu da safe har mun shimfiɗa tabarmi za mu baza su a rana kamar barkono. Ita ta hana, ta ce rana tana sa takarda ta kumbura ta lanƙwashe, a tsayar da su a inuwa a ɗan buɗe su, a sa farar takarda tsakanin shafuka ana canzawa, a kunna musu fanka, kuma a yi sauri don in suka kwana biyu a jiƙe hunhuna za ta kama. Masu shafi mai sheƙi na kimiyya da yawansu sun manne, waɗannan kam sai haƙuri. Matan unguwa da suka ciro fankokin ɗakunansu suka kwana da zafi da sauro saboda mu, Inna mai ƙosai da ta riƙa aiko mana da koko kullum ta ƙi karɓar ko sisi, kafintan da ya ce kuɗin kusa kawai zai karɓa, ɗan'uwanmu mai gyaran sola da ya tashi inbata bayan mun fid da rai, 'yan ƙungiyar ƙwallo da suka yi dakon kwano, liman da ya yi sanarwa ranar Juma'a. Allah ya biya ku, Allah ya buɗa muku ta inda ba ku zata ba, Allah ya jiƙan iyayenku, ya raba ku da ganin irin daren da muka gani.

Sai kuma abin dariya, da ni ake yi wa. Kun san yadda nake damun mutane a kan littafin aro, har gida nake bin wasu. To waɗannan littattafan da aka riƙe aka ƙi dawowa da su, su ne suka tsira ƙalau, ko ɗigo bai taɓa su ba. Wata yarinya 'yar aji biyu ta zo tana ɓoye fuska a hijabi, ta miƙo min Magana Jari Ce littafi na biyu da ta ara tun bara, tsoron tara ya hana ta kawowa, namu na kan kanta kuwa ya zama kunu. Na rasa ko faɗa zan yi ko godiya. Don haka an yafe tara gaba ɗaya har ƙarshen wata, duk mai littafinmu a ƙarƙashin katifa ya kawo, ba wanda zai tambaye shi komai.

'Yan'uwa na jini kuwa da ke nesa, mun ga saƙonninku da hannayen addu'a da kuka turo a guruf, mun gode, mun san hidima ta yi yawa. Ɗakin dai da sunan tsohonmu gaba ɗaya aka san shi, shi ya fara tara littattafan a zaure kafin unguwa ta karɓa. Na yi shiru a nan.

Karatun yara na Asabar da safe zai dawo wannan satin, kuma Ruwan Bagaja za mu fara, na Abubakar Imam, ɗaya daga cikin littattafan da suka fito daga gasar rubuta ƙagaggun labaran Hausa ta 1933. Iyaye don Allah ku turo su, har wanda bai iya haɗa baƙi ba ya zo ya saurara, ƙaryar Alhaji Imam da Malam Zurƙe kaɗai ta isa ta zaunar da yaro wuri ɗaya. Manya masu tambayar me za su ara, Shaihu Umar na Tafawa Ɓalewa ya tsira, gajere ne, dare ɗaya ka gama amma zai daɗe yana damunka. Ajin mata na yaƙi da jahilci yana nan Litinin da Laraba bayan azahar. Masu shirin JAMB, kwamfuta biyu ce ta rage, ɗayar ta sha ruwa ta tafi, saboda haka sai an rubuta suna, kowa awa ɗaya, kuma littattafan tambayoyin baya kusan duk sun lalace, wanda ya gama da nasa ya taimaka wa ƙannensa. Aro sati biyu ne kamar da.

Akwai fanka guda mai tsayuwa da bokiti biyu shuɗɗa da har yanzu ba mu san masu su ba, suna wajen Baba maigadi. Ni dai zan kashe waya, wanda ya kira bai samu ba ya yi min uzuri sai gobe.