Mai Rufin Kwano da Hadarin Ƙarshen Zafi

Aikina rufi ne. Ina da ɗan kamfani, mu bakwai har da ni: kafintoci uku, yara biyu masu miƙo kaya, da direba. Muna buga kwano a sabon gini, mu yaye tsoho mu sake, mu toshe yoyo, mu gyara indararo. Duk shekara idan zafi ya kai wutsiya, masu hasashen yanayi suka fara cewa gari zai ɗan sassauta kuma akwai yiwuwar hadari, yarana murna suke yi. Ni kuwa a lokacin ne barcina ke raguwa.

Ba na ganin laifinsu. Wanda bai taɓa durƙusawa a kan kwano da tsakar rana ba bai san zafi ba. Gwiwa ba ta taɓuwa, guduma ma sai ka naɗe ta da tsumma. A tsakiyar zafi da asuba muke hawa, kafin sha ɗaya mun sauko. Da gari ya yi lumshi, mutum sai ya kai la'asar yana aiki bai galabaita ba. Ga waya ba ta hutawa, domin duk wanda ya kau da kai daga yoyon ɗakinsa tun bara yanzu ya tuna da shi, kuma kowa so yake a zo masa gobe.

Abin da yaran ba sa lissafawa shi ne, sanyin da suke jin daɗinsa da hadarin da nake tsoro uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Ƙasa ta sha rana wata da watanni, iskar da ke kwance a kanta tana da ɗumi da laima. Idan iska mai sanyi ta shigo ta sama, ko ta kutso ta ƙarƙashi, mai ɗumin sai ta yi sama da sauri, laimar ta zama gajimare, gajimaren ya yi ta hawa kamar ana tara auduga har kansa ya baje. Da na ga kan ya baje na san an gama magana. Kuma iska mai ɗumi ta fi ɗaukar ruwa: duk ƙarin digiri 1 na ma'aunin Salsiyos tana iya riƙe ƙarin laima wajen kashi 7 cikin 100. Shi ya sa ruwan wannan lokaci ba ya zuwa da sallama.

Na daɗe ban fahimci lambar nan ta kashi kaza cikin ɗari da masu hasashe ke bayarwa kan yiwuwar ruwa ba, kuma na biya kuɗin makaranta. Wata shekara muka karɓi aikin sake rufin wani gida mai ɗaki huɗu, mutane na ciki da kayansu. Da safe na duba waya na ga kashi 30, na ce ai wannan ba ruwa ke nan, mu yaye duka mu huta. Tsohon kafintan da ya koya mini aiki, wanda har yanzu yana tare da ni, ya ɗaga kai ya dubi sama ya ce, "Yaro, mu yi rabi." Na ce, "Baba, waya ta ce babu komai." Bai ƙara magana ba. Wajen ƙarfe uku wata iska mai sanyi ta bugo mu, ta ɗauke hular ɗaya daga cikin yaran. Kafin mu warware tamfol ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Minti ashirin ya yi, ya wuce, rana ta fito tana mana dariya. Silin na ɗaki uku ya jiƙe ya rufto, katifu sun sha, littattafan yaran gidan sun zama dunƙule. Daga aljihuna na gyara komai, kuma idon uwargidan a ranar har yau ban manta shi ba.

Kashi 30 na nufin idan aka tara ranaku goma masu irin wannan yanayi, a uku daga ciki ruwa zai sauka a inda kake tsaye. Ba ya faɗin yawan ruwan, ba ya faɗin ƙarfinsa. Hadari guda sau da yawa faɗinsa bai wuce kilomita 20 da ɗoriya ba, ransa kuma wajen rabin awa, don haka yana iya wanke unguwa ɗaya ya bar maƙwabciyarta da ƙura. Lissafin ruwan ma ba shi da wuya: milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce. Rufi mai murabba'in mita 100 idan aka yi ruwan milimita 30, lita 3,000 ke nan. Duk wannan a cikin ɗakin mutane na zuba.

Tun daga ranar ba ma yaye abin da ba za mu iya rufewa cikin awa biyu ba, kuma tamfol yana sama tare da mu a warware, an ɗaure gefe ɗaya, tun kafin a cire ƙusar farko. Hasashen kwana goma ina kallonsa ne don tsara wa zan fara wa aiki, ba na ɗora rufin kowa a kansa. Na kwana biyu ko uku shi nake ɗauka da gaske, sannan da safe in sake dubawa, da rana in duba taswirar da ke nuna inda gajimare yake tafiya.

Ruwa dai asarar dukiya yake jawowa. Iska da tsawa su ne masu taɓa rai. Fallen kwano a hannun mutum yana saman gini tamkar filafilin jirgin ruwa ne, iska kaɗan ta ishe shi ya ja ka, ga bakinsa kamar wuƙa. Idan gudun iska ya ninka biyu, ƙarfin da take turawa da shi ninkawa huɗu yake yi. Kuma ba danna rufi take yi ba, tsotso shi take yi sama, ta fara da kusurwa da baki. Don haka a waɗannan wurare muke matso da ƙusa kusa da juna, ko da mai gida zai yi ƙorafin mun cinye masa ƙusa. Yawancin rufin da ake kiranmu mu ɗauko daga gidan maƙwabci, ta kusurwa ya fara ɗagawa, inda wani ya yi tsumulmular ƙusa biyar.

Ita kuwa tsawa ba na ciniki da ita. Na koya wa yarana ƙirga: daga ganin walƙiya zuwa jin ƙara, kowane daƙiƙa 3 kusan kilomita 1 ne. Amma na ce musu kada ma su tsaya ƙirgar, duk wanda ya ji tsawa ya ajiye guduma ya nemi tsani, domin tana iya faɗowa a nisan kilomita 15 daga inda ake ruwan, alhali sararin sama a kanka tas yake. Ba ma sake hawa sai an yi minti 30 da jin ta ƙarshe. A nan ne muke samun saɓani da masu gida. Mutum ya ga rana ta fito, ya ga ma'aikata bakwai zaune cikin mota, sai ya zo ya ce, "Malam, zama na biya ku?" Nakan ba shi haƙuri, ba na kuma tashi.

Wannan makon hasashe ya nuna sanyi-sanyi har Laraba, hadari kuma daga yammacin Alhamis. Na ɗage babban aikin yayewa zuwa mako mai zuwa, mai gidan ya kira sau uku yana faɗa. Gobe da sassafe za mu je share indararo a gidaje biyu, daga nan mu ƙara ƙusa a kusurwoyin wani sito da muka rufe bara. Baba ya ce a taho da tamfol biyu.