Wasiƙa daga Kumasi: Bashi da dala, haraji da sidi

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Ina gaishe ku daga Zangon Kumasi, da fatan kowa yana lafiya, da iyali.

Idan aka karanta kasafin kuɗi a Abuja, hankalinmu yakan tafi kan yawan tiriliyoyin. Ni kuwa abin da ya faru a Ghana ya sa nake fara neman nawa aka ware don biyan bashi, kuma da wane kuɗi aka ciyo shi.

Ghana na da zinare da koko da ɗan man fetur, amma harajin da take tarawa bai kai abin da take kashewa ba. Shekara da shekaru ana cike giɓin da bashin dala daga kasuwannin duniya. Da Amurka ta ƙara kuɗin ruwa a 2022, masu ba da rance suka janye hannu. Dalar da ake saya wajen sidi 6 (sidi shi ne kuɗin Ghana) a farkon shekarar ta haura 14 kafin ƙarshenta. Gwamnati da sidi take karɓar haraji, da dala take biyan bashin waje, sai nauyin ya ninka ba tare da an ƙara ciyo ko kwabo ba. Hauhawar farashi ta kai kashi 54 cikin ɗari a Disamba, watan da gwamnati ta dakatar da biyan yawancin bashin waje.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne 'yan fansho. Dattawan da suka zuba guminsu a takardun lamunin gwamnati suka riƙa zaman dirshan a ƙofar Ma'aikatar Kuɗi a Akara don kada a sa kuɗinsu cikin bashin da gwamnati za ta jinkirta biya, har tsohuwar Alƙaliyar Alƙalai Sophia Akuffo ta bi sahunsu a Fabrairun 2023. Mutanen nan ba su ci nanin ba, nanin ta ci su. A watan Mayu asusun ba da lamuni na duniya, IMF, ya amince da lamunin dala biliyan 3, da sharuɗɗansa.

Mu ma tun da aka saki naira a Yunin 2023, wato aka bar kasuwa ta yanke darajarta, kowace dalar bashin Najeriya ta ƙara tsada. Don Allah idan ɗan majalisarku ya zo gida, ku tambaye shi nawa ne cikin kuɗin shiga ke tafiya ga masu bin bashi kafin a kai ga asibiti da makaranta.

Naku,
ɗan uwanku a Kumasi