Yadda Muka Koma Sola a Gidan Haya a Agege

Bayan Shugaba Tinubu ya cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, litar fetur a Legas ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kusan 500 cikin 'yan kwanaki. Uwargida tana sayar da zoɓo da kunun aya, sai ya zama ribarta duk a cikin janareta take ƙarewa.

Amma ba lissafin nan ne ya motsa ni ba. Wani dare aka ɗauke wuta, layinmu ya yi duhu, ɗakin wani tela maƙwabcinmu kaɗai ke da haske, ba ƙara ba hayaƙi. Na leƙa, ya ce, "Malam, shigo ka gani da idonka." Fanka na juyawa, yara na barci. Abin da na gani a ɗakin nan ya fi duk tallar rediyo tasiri a zuciyata, kuma ina ganin haka yawancin mutanenmu suke shiga harkar sola.

Na yi adashe, da na kwasa na nufi kasuwar Alaba, inda ake sayar da kayan lantarki. A nan na yi kuskure. Na zuba kuɗi a farantin sola da inbata (na'urar da ke juya wutar batir ta zama irin ta gida), na sayi batir mai araha da aka ce sabo ne. Ashe araha ba ta ado. Da damina ta kankama a watan Yuni, hadari ya rufe rana kwana da kwanaki, batirin ba ya kai tsakar dare. Firiza kuwa tana tashi take jan wuta mai yawa, inbata ya yi ta kuka. Dole muka sake tara kuɗi muka sayi na litiyam. Yanzu da rana muke kunna firiza, dare kuma fitila da fanka da cajin waya.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne mai gida. Sai da na yi zarya sau uku kafin ya yarda a hau rufi, da sharaɗin in kwano ya yi yoyo ni zan gyara. Da yawa cikin 'yan uwanmu a Idi-Araba da Mile 12 suna so, amma ɗan haya ba ya huda rufin wani ba izini. Shi ya sa wasu suka tsaya ga ƙaramin faranti da ake shanyawa a tsakar gida da safe, a shigar da shi da magariba, ana biyan kuɗinsa wata-wata.