Majigin da na haɗa da waya, da santimita 2 da suka cinye mini akwati

Ina koyar da fiziks a wata makarantar sakandare a Tudun Wada, kuma na daɗe ina so yaran SS2 su ga 1/f = 1/u + 1/v tana aiki a bango, su daina haddace ta don WAEC kawai. A lissafin nan, f ita ce nisan da gilashi ke tattara haske, u nisan abu (a nan waya) daga gilashi, v kuma nisan hoto daga gilashi. Sai na sayi gilashin ƙara girma a kasuwar Sabon Gari don in haɗa majigi da waya. A jikin kwalinsa an rubuta f santimita 20, mai shagon ma ya ce, "Malam, ka kwantar da hankalinka, haka yake."

Lissafin bai ɗau minti biyar ba. Bango yana nesan mita 3, wato v santimita 300, don haka u ta fito 21.4, hoto zai ninka waya sau 14. Na kai wa kafinta wannan awo, ya buga akwatin katako, ya kafe mazaunin waya da na gilashi da ƙusa da gam. Muka rufe tagogi, yara sun yi tsit. Abin da ya fito a bango wani farin hazo ne kamar safiyar hunturu.

Wata yarinya ce ta ɗauki takarda tana matsowa, sai ga hoto tangaran kusan mita ɗaya daga akwatin. Washegari na fita da gilashin rana, na tattara haske a kan siminti, na auna da rula: 18 ne, ba 20 ba. Ka sa 18 da 21.4 a lissafin, v za ta ba ka kimanin 113, daidai inda yarinyar ta tsaya. Har yau raina na ɓaci idan na tuna kwalin nan, kuɗin katako da na kafinta duk sun tafi a banza.

Abin da ban taɓa ji a jikina ba sai ranar shi ne yadda a majigi u ke zama dab da f. Da gilashin 18, bango a mita 3 yana buƙatar u 19.1, ka mayar da bangon mita 4, sai ta koma 18.8. Mita guda a can, milimita 3 a nan. Ta yaya ƙusa za ta kama wannan? Akwati na biyu da kwali na yi shi, wayar tana zamewa gaba da baya, kuma ban yanka komai ba sai da na auna f da hannuna.

Wayar kanta ƙasa ake sa ta, tunda hoto juyewa yake, rubutu kuma yana fitowa a baibai sai an ƙara madubi. Haske ma yana da rauni, domin ninki 15 yana shimfiɗa shi a fili sau 225. Bayan magariba dai muna ganin komai, kuma yaran yanzu su ke lissafa u kafin su taɓa wayar.