Na Riƙe wa Malam Sanda Daga Gaya Zuwa Kogin Nilu

Ina ɗan shekara goma sha shida aka damƙa mini sandar makaho. Da kaka ne, a 1958, an gama kai gero rumbu, Baffa ya sayar da awakinsa da jaki ɗaya, ya bar ɗayan don kaya, ya ce gabas za shi. A wancan zamani in mutum ya ce gabas, ba wanda ke tambayarsa ranar dawowa. Gida gida ake bi ana neman gafara, ana biyan bashi, kamar mai shirin barin duniya. Mu goma sha tara muka tashi daga ƙauyenmu a ƙasar Gaya, maza da mata, biyu da goyo. A cikinmu akwai wani makaho mai waƙar bege a kasuwanni, ɗan jagoransa ya gudu ana jibi tafiya. Baffa ya dube ni ya ce, "Kai, riƙe wa Malam sanda." Na riƙe ta shekara biyu da 'yan watanni.

Jikata ce ke rubuta wannan, ni ina faɗa, don ido ya yi rauni. Na ce mata ta bar shi yadda ya fito daga bakina.

Makon farko na wahalar da bawan Allah nan. Ƙuruciya na ɗibata, ina jan sanda kamar mai jan akuya zuwa kasuwa, ina ganin in mun yi sauri za mu rage nisa. Bai taɓa yi mini faɗa ba. Sai dai da asuba, da zarar an yi salla an ɗaura wa jaki kaya, ya ɗauko baiti a hankali, mu kuma mu karɓa da salati. Ban san lokacin da ƙafata ta koma bin bakinsa ba. Kafin mu kai Potiskum na lura ayarin gaba ɗaya taku ɗaya yake yi, tsohuwa da saurayi, kuma ba mai haki. Yana da waƙa mai nauyi ta rairayi, inda ƙafa ke nutsewa, yana da mai ɗan sauri ta fako. Shi da ba ya gani, ta tafin ƙafarsa yake sanin wadda za a ɗauko.

Da hantsi ya ɗaga sai ya rufe baki, ya hana kowa. Ya ce waƙa tana shan ruwa kamar yadda jaki ke sha, kuma salkarmu ba ta da rabon baki biyu. Daga nan har mu sami inuwa shiru ake tafiya. Mu kwanta ƙarƙashin tsamiya ko aduwa, a dama garin gero, a gutsura ƙuli-ƙuli, sai la'asar sakaliya a sake tashi. Wannan ƙa'ida ita ta kai mu. Na ga ayarin da ya wuce mu da rana tsaka suna ta kiɗa gwangwani, bayan kwana biyu muka tarar da su a zango rabinsu kwance.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda yake auna hanya. Mutanen karkara ko'ina ɗaya suke, in ka tambayi nisan rijiya za a ce maka nan gaba kaɗan ne. Malam ba ya tambayar haka. Sai ya ce, matanku yaushe suke fita ɗebo ruwa, yaushe suke dawowa? Ya yi shiru yana motsa leɓe, can ya ce, "Yaro, baiti ɗari da hamsin ne, in Allah ya so." Da wuya ya kuskure da fiye da ashirin. Tun ina ƙirgawa don in kama shi har na koma ƙirgawa don ni ma in iya. Ya sa na riƙa ɗaura ƙulli a igiya duk baiti ɗari. Da muka shiga Maiduguri igiyar ta cika, ya ce in kwance mu fara sabo, shi ya riƙe jimla a ka.

Akwai motoci a hanyar tun lokacin, kada wani ya ɗauka ba mu gan su ba. Manyan motocin kaya na wuce mu suna bulbula mana ƙura. Kuɗinsu ne babu. Daga Maiduguri muka bi Dikwa da Gamboru, muka ratsa ɗan siririn yankin Kamaru zuwa Kusiri, aka ƙetare da mu a kwalekwale zuwa Fort Lami, wadda yau ake kira Njamena. Faransawa ke mulki a can sannan. Mun yi wata biyu a unguwar Hausawa, maza na dako da ga-ruwa, mata na tuya ƙosai. Amma gaskiyar da zan faɗa ko a gaban Allah, bakin Malam ne ya fi ciyar da mu. Ranar kasuwa in zaunar da shi a gindin bishiya, in ajiye ƙoƙo. Larabawan Shuwa da Barebari ba su jin Hausa, amma suna jin sunan Annabi da sunan Madina, sai ka ga dattijo ya tsaya da ragonsa a hannu yana hawaye. Abin da ya taru Malam bai taɓa ɓoye ko anini ba, Baffa yake miƙa wa ya zuba a asusun ayari.

Tsakanin Fort Lami da Abashe, babban birnin Wadai, nan na san abin da ake kira nisa. Ƙasa shimfiɗe, ba dutse ba tudu, ka yi yini guda abin da ke gabanka bai sauya ba. Ƙarangiya ta kama zane ta kama fatar ƙafa, in ka cire da hannu ta koma hannun. Zafi ya sa muka koma tafiyar dare. Wani dare bayan mun bar Ati, ba farin wata, muna tafe muna karɓar amshi rabi a farke rabi a barci, sai Malam ya yanke baiti a tsakiya ya ja sandar baya. Ya ce, "Akwai muryar da ta fita." Baffa ya ce kowa na nan. Malam ya ce, "A'a, mai goyon nan ta baya, tun baiti shida ban ji ta ba." Aka kunna acibalbal aka koma. Muka same ta a yashe gefen hanya, jiri ya kayar da ita, jaririn na bayanta bai ko yi kuka ba. Mu masu ido goma sha bakwai ba wanda ya lura. Matar nan ta rayu, ta yi aikin hajji, ɗan nan da ta goya ya girma a Sudan ya yi jikoki.

Tun daga daren na daina ɗaukar amshi abin wasa. Ashe duk lokacin da muke karɓa, ƙirga mu yake yi.

Damina ta same mu a ƙasar Masalit, bayan mun wuce Adre mun shiga Janaina. Hanya ta yanke, kwaruruka sun cika, muka karɓi aron gona muka yi noman gero da gyaɗa. A nan muka binne mutum biyu, wani dattijo da yarinya 'yar shekara biyar, zazzaɓi. Bayan girbi muka sake ɗaukar hanya ta Fashir zuwa Nuhud. A yammacin Kordofan na ga abin da ban taɓa gani a gida ba: kuka, wadda suke kira tabaldi, an rarake cikinta an cika da ruwan sama, kowace da mai ita, ana sayar wa matafiyi da guga. Inda babu kuka, kankana ce ruwan mutum da dabba.

A can ne muka yi kwana tara tare da wasu Larabawa masu raƙuma. Da dare ɗayansu ya ɗaga murya shi kaɗai, ba ganga ba tafi, baiti huɗu huɗu, abin da suke kira dubait. Malam ya ce in matsa da shi kusa. Wani Bahaushe da ya daɗe a ƙasar ya fassara mana: mutumin yana lissafa wuraren da raƙuminsa zai ratsa ne kafin ya isa ga wadda yake so, rijiya kaza, dutse kaza, kwari kaza, yana yabon raƙumin yana ba shi haƙuri. Malam ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya ce, "Ka ji, yaro? Shi ma bai isa ba." Ya ce in lura, waƙar bege duk ta wanda ke nesa ce. Ya kawo mini misalin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, wanda tun yana saurayi ya yi ƙasida da Larabci yana tambayar ko akwai hanyar da za ta kai shi Ɗaiba, wato Madina, ya ziyarci kabarin Manzo, kuma har Allah ya karɓi ransa a 1817 bai taka Hijaz ba. Ban gane nauyin maganar ba sai daga baya.

A Ubayyid muka fara ganin jirgin ƙasa, muka sayar da jakin da ya raka mu tun daga gida, na yi kuka a ɓoye. Jirgi ya ƙetare da mu Farin Nilu ta gadar Kosti ya sauke mu a Sinnar. Kusa da nan garin Mai Wurno yake, a bakin Shuɗin Nilu, wanda ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa tare da waɗanda suka tsira bayan yaƙin Burmi na 1903. Ka yi tafiyar shekara ɗaya da rabi cikin baƙin harsuna, ka wayi gari ana yi maka sannu da zuwa da Hausa da Fulatanci, ana miƙo maka fura. Ƙafafuna sun yi sanyi ranar.

Aikin auduga muka shiga a Jazira, gonakin da ake ba ruwa daga madatsar Sinnar. Tsinka daga Janairu har wajen Afrilu, sauran shekara shara da gyaran magudanan ruwa, tsargiya na cin mutane. A gona muka ji labarin Najeriya ta sami mulkin kai. 'Yan ƙasa suna kiranmu Fallata ko Takari, wasu da raini, wasu su ce "ya Hajj" ko da ba ka je ba. Na haɗu da tsofaffin da suka baro Katsina da Haɗeja tun kafin a haife ni, sun yi 'ya'ya da jikoki a bukkar kara, in ka tambaye su sai su ce suna kan hanya, baɗi in Allah ya yarda. Ba na yarda a yi musu dariya. Na ga yadda abin ke faruwa: bana ciwo, baɗi bashin mai gona, wata shekara aurar da 'ya. Da daddare su ne ke cika gaban bukkar Malam. Ban taɓa jin amshi mai ratsa jiki irin nasu ba, ko a Makka.

Da audugar 1961 ta ƙare, aka zube asusu a tabarma. Ya isa mutum bakwai. Kowa ya san sunan Malam ne na farko, don rabin kuɗin daga ƙoƙonsa ya fito. Amma tari ya riga ya kama shi tun sanyin bara, ba ya iya baiti goma bai tsaya ba, ga likitocin Sawakin, tashar jirgin ruwan alhazai, ba sa barin mara lafiya ya hau jirgin ruwa. Ya kira Baffa ya ce a ba ni gurbinsa. Na ce ba zan tafi in bar shi ba. Ya laluba ya kama wuyan hannuna ya ce, "Ɗana, ba kyauta na ba ka ba, aike ne. Lissafina ya tsaya a bakin kogin nan. Ka je ka ƙarasa mini shi."

Jirgin ƙasa ya kai mu gaɓar Bahar Maliya. A Sawakin aka tsare mu kwanaki, aka yi mana lamba da allura, sannan jirgin ruwa ya kwana ɗaya da mu zuwa Jidda. Daga Jidda zuwa Makka da ƙafa muka je, cikin harami, dare biyu. Talbiyya ce a bakin kowa, amma ni a zuci ina jan baitocinsa ina ɗaura ƙulli. Arfa ta faɗo a watan Mayu, rana kamar ta narkar da dutse, kuma a nan zafi ya buge Baffa. Da aka gama aikin hajji ba ya iya tsayuwa sosai. Tsakanin Makka da Madina ya haura kilomita 400. Akwai 'yan uwanmu Takari da suka ɗaura salka suka bi da ƙafa, na tsaya ina kallonsu har suka ɓace. Ni na bi Baffa cikin motar kaya, kansa a cinyata. Na gwada ƙirgawa, amma mota ba ta da taku, baitin ya ƙi zama. Na bari.

A Madina ba a ɗaga murya gaban kabari. Na tsaya daga gefe, na isar da sallamar Malam da sunansa da sunan mahaifinsa, na karanta baiti bakwai daga waƙarsa a ƙasan numfashi.

Bayan wata uku muka dawo Jazira. Na same shi da rai, ya rame, yana zaune a bakin bukka wata yarinya na kore masa ƙuda. Tun kafin in yi sallama ya gane takuna. Na ba shi zamzam ya sha, ya shafa a ido, na ba shi dabinon Madina. Na sa masa igiyar Jidda zuwa Makka a hannu, ya bi ƙullin ɗaya bayan ɗaya da yatsa yana gyaɗa kai, ya haɗa da jimlar da ke kansa. Sannan ya miƙo hannu ya ce, "Ta Madina fa?"

Na ce, "Malam, a mota na je. Baffa ba lafiya."

Ya ce, "Ka kyauta da ka riƙe baffanka." Ya naɗe igiyar a hankali ya sa a aljihu. Can ya ce, "To, wannan sai mu bar ta a buɗe."

Ya rasu kafin audugar shekarar ta fashe, aka binne shi a maƙabartar 'yan uwanmu, gabas da magudanar ruwa. Jimlar ta tafi da shi, ban taɓa tambayarsa nawa ta kama ba. Sandar tana nan a ɗakina, ita nake dogarawa yanzu in za ni masallaci.